Zare Ɗaya ko Gaɓa-Gaɓa: Yadda Zubin Wasa Ke Zaɓar wa Kansa Dandamali

Ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta samu labari mai kyau takan yi gaggawar rabon matsayi, a ce wane ne zai fito uba, wace ce za ta fito matarsa. Akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan zuwa: a wane zubi za a zuba labarin? Amsarta ce ke yanke yawan 'yan wasa, yawan fitilu, siffar dandamali, katakon da za a yanka, har ma da tsawon lokacin da 'yan kallo za su zauna cikin duhu suna jin ƙarar jan kujeru. Wasanni da yawa sun mutu a daren farko ba don labarin ba shi da daɗi ba, sai don an rubuta shi a zubi ɗaya aka gina masa dandamalin wani zubin.

Manyan hanyoyi biyu ne a gaban marubuci da darakta. Ta farko ita ce zubi mai zare ɗaya, inda kowace fitowa ke haifar da mai bi mata har a kai ƙololuwa. Ta biyu ita ce zubin gaɓa-gaɓa, inda kowace fitowa ke tsaye da ƙafafunta, kuma jeruwarsu ce ke ba da ma'ana.

Zubi mai zare ɗaya

Tushensa tsoho ne. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya nace a kan cewa abubuwan da ke faruwa a wasa su biyo juna bisa dalili, har ya ɗauki labarin da aka jera gutsuttsura ba tare da dalili ba a matsayin mafi rauni. A 1863 Bajamushe Gustav Freytag ya zana shi kamar dala mai sassa biyar: gabatarwa, hawa, ƙololuwa, gangarowa, ƙarshe. A lura da abu ɗaya game da wannan dalar, domin tana ɓatar da masu koyo: Freytag ya ajiye ƙololuwa a tsakiyar wasa ne, saboda wasanni masu kashi biyar yake nazari. Wasan zamani mai tsawon minti 90 ba ya jure doguwar gangara. Idan ƙololuwa ta zo a minti na 45, rabin wasan ya zama jiran tashi. Inda ta fi zama daidai shi ne cikin kashi ɗaya bisa biyar na ƙarshe, sannan warwara ta zo a gajarce.

Mafi kyawun misalin yadda wannan zubi ke aiki shi ne wasan da Henrik Ibsen na ƙasar Norwe ya fitar a 1879 game da Nora da mijinta. Kashi uku ne, ɗaki ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Babban abin da ya ƙulla rikicin, wato bashin da Nora ta ci ta hanyar ƙirƙirar sa hannun mahaifinta, ya faru shekaru kafin a ɗaga labule. Marubucin bai nuna mana ranar cin bashin ba. Ya fara wasan ne a daidai lokacin da asiri ke shirin tonuwa. Wannan ita ce dabarar zubin gaba ɗaya: a shiga labari a makare, kusa da inda zai fashe, a bar abin da ya wuce ya riƙa ɓullowa kaɗan-kaɗan yana matsa wa mutane lamba. Wasiƙa ɗaya mai tona asirin da ke kwance a akwatin ƙofa ta isa ta riƙe 'yan kallo tsawon kashi guda.

Ana gwada ko rubutu yana da zare ɗaya ta hanya mai sauƙi. A rubuta kowace fitowa a layi guda, sannan a duba kalmar da ke shiga tsakanin layi da layi. Idan "saboda haka" ko "amma sai" ce ke shiga, zaren yana nan. Idan ba abin da ke shiga sai "daga nan kuma", to jerin aukuwa ne kawai. Gwaji na biyu: a cire fitowa ɗaya. Idan sauran sun tsaya lafiya ba tare da ita ba, ba ta da aikin yi.

Matsalolinsa sanannu ne, kuma kusan duk suna fitowa daga wancan shiga a makare. Tunda abubuwa da yawa sun faru kafin wasan ya fara, dole a sanar da 'yan kallo, kuma nan ne marubuci ke faɗawa ramin sa mutum biyu su zauna suna gaya wa juna abin da dukansu suka sani. Ɗan kallo yana ganewa nan take cewa da shi ake, kuma daga lokacin ya daina yarda da ɗakin. Maganinsa biyu ne. Ko dai a shigo da wanda da gaske bai sani ba, kamar ƙawar da ta daɗe ba ta gari, ko kuma a mayar da tsohon labarin makami, ya fito a bakin mai gori cikin faɗa. Na biyun ya fi ƙarfi, don bayanin yana shiga kunne ba tare da an ji ana bayani ba. Haka kuma abin da zai tayar da rikici ya kamata ya faru cikin minti 10 zuwa 15 na farko. Bayan haka haƙurin mai kallo ya fara ƙarewa.

Matsala ta biyu ita ce tsakiyar wasa ta yi sako-sako: an ƙulla rikici, ana jiran ƙololuwa, mutane suna ta maimaita gardama ɗaya da kalmomi daban. Kowace fitowa ta tsakiya tana bukatar ta rufe wata ƙofar tsira da jarumi ke da ita a baya. In yana da mafita huɗu a farko, ya kamata a wayi gari saura ɗaya, kuma ita ce wadda ya fi tsoro. Ta uku ita ce warware ƙulli da katari, kamar gadon da ya faɗo daga sama ko baƙon da ba a taɓa ambata ba. Katari na iya jefa mutum cikin matsala a farkon wasa, 'yan kallo za su karɓa. Idan ya zo fitar da shi a ƙarshe, za su ji an yaudare su.

Ta fuskar aiki, wannan zubi yana son 'yan wasa kaɗan amma ƙwararru, daga uku zuwa bakwai. Suna daɗewa a kan dandamali ba hutu, kuma yawancin abin da ke faruwa yana ƙarƙashin magana ne, a kallo da shiru da yadda aka ajiye kofi. Ɗan wasa ɗaya mai rauni yana jan kowa ƙasa, don ba inda za a ɓoye shi. In mutum ɗaya bai zo gwaji ba, ranar ta tafi. Kuma ba a iya rage tsawonsa cikin sauƙi, tunda duk abin da aka yanke yana riƙe da wani abu a gaba.

Zubin gaɓa-gaɓa

Shi ma ba sabo ba ne, wasannin Shakespeare cike suke da tsalle daga fada zuwa fagen yaƙi zuwa jeji. Amma wanda ya mayar da shi manufa a zamanin nan shi ne Bertolt Brecht na Jamus. Wasan da ya rubuta a 1939 kan wata 'yar kasuwa mai bin rundunar soja da keken kayanta yana da fitowa 12, ya ratsa shekaru 12 na Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai, daga 1624 zuwa 1636, kuma yana yawo ƙasa-ƙasa. Kafin kowace fitowa akan nuna rubutu da ke faɗin abin da zai faru a cikinta. Wannan ya saɓa wa duk abin da zubi na farko ya dogara a kai. Brecht ya cire "me zai faru" daga zuciyar mai kallo da gangan, domin ya bar masa "yaya aka yi ya faru, kuma dole ne ya faru haka".

Labarin da ke son wannan zubi shi ne wanda ya ɗauki shekaru, ko ya taɓa mutane masu yawa, ko kuma abin da ake tuhuma a cikinsa tsarin rayuwa ne gaba ɗaya: yaƙi, ƙaura, fari, yadda mulki ke canza mutum. In aka matse irin wannan cikin ɗaki ɗaya da kwana biyu, sai a koma jin labarin abubuwa maimakon ganinsu.

To me ke riƙe gaɓoɓin in ba zaren dalili? Abu uku aka fi amfani da su: mutum ɗaya da ake bi, tambaya ɗaya da kowace fitowa ke juyawa ta wata fuska, ko wani kaya da ke dawowa yana canza kama. A wancan wasan na Brecht keken ne. A farko 'ya'yan matar ne ke jansa, a ƙarshe ita kaɗai ta rage tana ja. Ba a bukatar wani jawabi bayan wannan hoton.

Kowace gaɓa tana bukatar nata ƙaramin ƙulli: wani yana son wani abu, wani ya tare, a ƙarshe wani abu ya canza. Gaɓar da aka rubuta don kawai a "nuna halin da ake ciki" matacciya ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaɓoɓi su zo da tsawo ɗaya da zafi ɗaya, minti shida-shida har goma sha biyar. Zuwa ta bakwai ɗan kallo ya gano kiɗan, ya fara ƙirga nawa suka rage. A cakuɗa tsawon: mai minti goma sha biyu, sai mai minti ɗaya da rabi, sai waƙa, sai doguwa. A kuma kula da maƙwabtaka, domin a wannan zubi ma'ana tana zaune ne a mahaɗar fitowa biyu. Biki da aka ajiye kusa da jana'iza yana faɗin abin da ba ɗaya daga cikinsu zai faɗa shi kaɗai. Wata matsalar ita ce rashin sanin inda za a tsaya. Tunda ba ƙulli ɗaya da za a warware, wasan na iya ci gaba har abada. Hanyar da ta fi aiki ita ce a san hoton ƙarshe tun kafin a rubuta na farko, a kuma sa shi ya amsa hoton farkon.

Akwai kuma haɗarin wa'azi. Mai ba da labari da waƙa da allon rubutu kayan aiki ne masu kyau, amma in mai ba da labari ya fito yana fassara abin da aka gama gani yanzu, ya raina hankalin jama'a. Aikinsa shi ne ya tsallake da su shekara biyar a jimla ɗaya, ko ya faɗi abin da ya ci karo da abin da idonsu ke gani.

Amfaninsa ga ƙungiya babba ne. Mutum takwas na iya ɗaukar matsayi ashirin da biyar. Ana iya gwada gaɓoɓi daban-daban a rana ɗaya da mutane daban, ana iya cire gaɓa ɗaya in lokaci ya ƙure, kuma sabon ɗan wasa yana samun ƙaramin matsayi da zai iya riƙewa. Sharaɗin shi ne a zana jadawali tun farko: sunayen 'yan wasa a gefe, fitowa-fitowa a sama, a cike wanda kowa yake a kowane gida. Nan take za a ga inda mutum ya fita a matsayin soja kuma ana bukatarsa a matsayin alƙali bayan daƙiƙa goma. Canjin sutura cikakke yana cin minti ɗaya zuwa biyu ko da mai taimako. Abin da ya gaza haka sai a yi shi da abu ɗaya: hula, mayafi, sanda, ko canjin tafiya.

Akwai zubi na uku da ya kamata a ambata, wato mai zagaye, inda wasa ke ƙarewa a inda ya fara. Wasan Samuel Beckett na mutum biyu masu jiran Godot, wanda aka fara nunawa a Faris a 1953, kashi biyu ne masu kama da juna, hanya ɗaya, bishiya ɗaya. Yana da arha wajen kaya amma yana da tsada wajen gwaninta, domin in ba abin da ke faruwa, lokaci da numfashin 'yan wasa ne kaɗai ke riƙe zaure. Ba shi ne wurin farawa ba.

Dandamali: fuska ɗaya, uku, ko huɗu

Dandamali mai fuska ɗaya, wanda 'yan kallo ke leƙawa ta cikin wani babban firam kamar hoto, ya samo asali daga Italiya, kuma gidan wasa na Farnese a Parma da aka gina a 1618 yana cikin tsofaffin da suka rage. Ƙarfinsa shi ne iko da ido: kowa yana ganin hoto kusan iri ɗaya, akwai gefe da baya na ɓoye kaya da mutane, ana iya gina bango da ƙofa da taga. Rauninsa nisa ne. Bayan kimanin mita 20 motsin fuska ya ɓace wa mai kallo, ga shi kuwa zubi mai zare ɗaya da fuska yake rayuwa. A ɗauki mutum 300, layi-layi na mutum 15, tazarar santimita 90 tsakanin layuka. Layi 20 ke nan, na ƙarshe yana wajen mita 17 daga na farko. Waɗannan mutum 300 ɗin in aka zagaya da su fuska uku, layi bakwai sun ɗauke su, na ƙarshe bai kai mita bakwai ba.

Wannan lissafi ne ya dawo da dandamali mai fuska uku, wanda ke kutsawa cikin jama'a. Darakta Tyrone Guthrie da mai zanen dandamali Tanya Moiseiwitsch sun gina irinsa a Stratford ta Kanada a 1953, kuma daga nan ya bazu. Yana da bango ɗaya kawai a baya, saboda haka ba a iya tsayar da dogon kaya a gaba. A madadin haka yana ba da sauri: masu fitowa ta gaba suna shigowa ta wata kusurwa tun masu fita ba su gama ficewa ba. Wannan shi ne ainihin abin da zubin gaɓa-gaɓa ke nema.

Mai fuska huɗu, inda jama'a suka kewaye 'yan wasa, ya fi kowanne kusanci kuma ya fi kowanne hukunta sakaci. Kowane lokaci wani yana kallon ƙeyar ɗan wasa. Dokokinsa na aiki su ne: kada mutum biyu su tsaya gab da juna fuska da fuska a tsakiya, domin kowannensu yana tare ɗayan. A buɗe tazara, a tsaya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai dogon jawabi ya tsaya a bakin hanyar shiga ya ba ta baya, don ba kowa a nan da zai tare. Kujera da tebur su zama gajeru, ƙasa da tsayin ƙugu, marasa dogon jingina. Murya tana raguwa a bayan mai magana, musamman baƙaƙen da ke rarrabe kalmomi, don haka a riƙa juyawa bisa dalili, ba juyin fanka ba. Kayan hannu kuma dole su zama na gaske, tunda na layin farko yana iya karanta abin da ke rubuce a wasiƙar.

Wani abu da ake yawan kuskurewa: a fili mai shimfiɗaɗɗen daɓe, ɗaga dandamali yana taimakon mai fuska ɗaya, amma kada ya wuce tsayin idon wanda ke zaune, wato kimanin mita 1.1. A mai fuska uku ko huɗu jama'a ake ɗagawa, kowane layi ya ɗara na gabansa da santimita 20 zuwa 30. In ba a yi haka ba, duk abin da aka yi a zaune ko a kwance ya ɓace wa kowa daga layi na huɗu.

Ɗaki mai bango uku ko dandamali wayam

Salon kamanta zahiri ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19. André Antoine ya buɗe gidan wasansa a Faris a 1887, har ya taɓa rataye nama na gaske a wasan da ya shafi mahauta. Daraktocin Rasha Stanislavski da Nemirovich-Danchenko suka kafa nasu a Mosko a 1898. Manufar ita ce ɗaki cikakke da aka cire masa bango na huɗu, 'yan wasa su zauna a ciki kamar ba mai kallonsu. Ga zubi mai zare ɗaya wannan ɗaki ba ado ba ne kawai, yana cikin rikicin: ƙofar da ake tsoron a ƙwanƙwasa, aljihun teburin da aka ɓoye takarda.

Ana gina shi da alluna masu firam, yawanci faɗin mita 1.22 da tsayin mita 2.44, gwargwadon girman falankin da ake samu. Bangon gefe ba a tsayar da shi a miƙe, ana buɗe shi waje kaɗan domin na kujerar ƙarshen layi ya ga cikin ɗaki. A zauna a kujerun nan biyu na ƙarshe kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Ƙofa ita ce ke tona asirin ginin: in aka maƙala ta a jikin allo ba tare da nata tokari ba, duk lokacin da aka rufe ta da ƙarfi bango gaba ɗaya zai yi rawa, kuma dariya za ta tashi a daidai inda ake son shiru. A ba ta firam nata, a tokare shi ta baya, a danne da buhunan yashi. Bayan kowace ƙofa da taga a sa wani allo da ɗan haske, in ba haka ba duk wanda ya fita ya faɗa cikin baƙin rami. Kada a jera kujeru a jikin bango kamar ɗakin jira, a jawo su ciki don a samu hanyoyin zagayawa. Haɗarin wannan salo shi ne rabin zahiri. Da zarar an yi alkawarin gaskiya, kofi marar ruwa da jakar tafiya marar nauyi suna karya shi.

Tawaye ga wannan ya fara da wuri. Adolphe Appia na Suwizalan ya ga cewa jikin ɗan wasa mai kauri ba ya jituwa da zanen da aka shafa a kyalle, ya nemi matakala da tudu da haske su maye gurbinsa. Jerzy Grotowski na Foland a shekarun 1960 ya yi ta cire duk abin da wasa zai iya rayuwa ba shi, har ya rage ɗan wasa da ɗan kallo. Darakta Peter Brook na Ingila ya buɗe littafinsa na 1968 da cewa fili wayam da mutum ɗaya mai ratsa shi da wani mai kallonsa sun isa a ce an yi wasa.

Wayam ba ya nufin rashin shiri. Akwatuna shida masu ƙarfi na tsayin santimita 45, daidai zama, da benci biyu da tudu ɗaya ko biyu masu tsayi daban, suna iya zama kotu, mota, kurkuku da kan dutse. Amma kowane abu da ke kan irin wannan dandamali yana ɗaukar nauyin ma'ana ninki, don ba wani abu da zai raba ido da shi. Kujerar roba da aka ɗauko don ita ce a kusa za ta yi ta magana tsawon wasan. Daɓe ma ya zama babban hoto, musamman inda jama'a ke kallo daga sama, saboda haka launinsa shawara ce. A kafa ƙa'ida cikin minti biyar na farko, misali akwati in an tsayar da shi ƙofa ne, sannan a riƙe ta. Jama'a suna karɓar kowace ƙa'ida, abin da ba sa yafewa shi ne a karya ta ba dalili, kamar ɗan wasan da ya buɗe ƙofar da ba a gani a shigarsa, ya ratsa ta bango a fitarsa. Kuma a sa wuri da lokaci a bakin 'yan wasa cikin jimlolin farko na kowace gaɓa.

Fitilu suna shiga lissafin kai tsaye. Tsarin da Stanley McCandless ya wallafa a Amurka a 1932 yana raba dandamali gida-gida, kowane gida kimanin mita uku, a haska shi da fitila biyu daga gaba, kowace a kusurwar digiri 45 daga sama da 45 daga gefe, ɗaya mai ɗumin launi ɗaya mai sanyi. Dandamali mai fuska ɗaya na mita tara da shida gida shida ne, fitila 12, in an ƙara ta baya ɗaya-ɗaya don raba mutum da bango su zama 18. A fuska uku ko huɗu biyu ba sa isa, domin abin da yake gaba ga wani baya ne ga wani. Kowane gida yana son uku a tazarar digiri 120, ko huɗu a tazarar 90, kuma a ɗaga kusurwarsu don kada su shiga idon na layin farko a ɗaya gefen. Wato kuɗin da aka tsira da shi a katako, wani kaso nasa yana komawa fitila. Ga wanda fitilunsa kaɗan ne, farin haske ɗaya da ba ya canzawa, irin wanda Brecht ya fi so, zaɓi ne mai mutunci, in dai sutura da jeruwar jiki sun ɗauki aikin.

Inda ake haɗa su ba daidai ba

Haɗin da ya fi kashe wasa shi ne rubutun gaɓa-gaɓa a kan ginin zahiri. A yi lissafi: fitowa 14 na nufin canji 13. In kowane canji ya ci daƙiƙa 90 ana fitar da gado ana shigo da tebur cikin duhu, an zubar da kusan minti 20, kuma sau 13 ana kashe wutar da aka hura. Canjin nan a dandamali wayam, 'yan wasa da kansu suna juya akwatuna a cikin haske, daƙiƙa 15 ne, jimla minti uku da 'yan kai. A ganinmu duk canjin da ya wuce daƙiƙa 20 sai an mayar da shi wani ɓangare na wasan, da kiɗa ko waƙa ko wani aiki da ke ci gaba a gefe, kuma a gwada shi da agogo kamar yadda ake gwada magana.

Akasin haka, wato zare ɗaya a dandamali wayam, yana yiwuwa kuma yakan yi kyau ƙwarai, musamman a fuska huɗu inda jama'a da kansu suka zama bangon da ya tsare mutanen. Sharaɗi ɗaya ne: a ware kayan da rikicin ya rataya a kansu, akwatin wasiƙa ko makulli ko ƙofa guda, a kawo su na gaske, a bar sauran.

Saboda haka ƙungiya mai 'yan wasa huɗu ko biyar masu ƙarfi, da zaure guda da za ta zauna a ciki kwanaki, da labarin da asiri ɗaya ke ci, ta ɗauki zare ɗaya, ta gina ɗaki guda ta gina shi da kyau. Ƙungiya mai mutane da yawa masu gwaninta daban-daban, wadda za ta riƙa yawo da wasan daga wuri zuwa wuri, da labarin da ya ratsa shekaru, ta ɗauki gaɓa-gaɓa a fuska uku da kayan da mutum biyu za su iya ɗauka. In rubutun ya riga ya kammala kuma ana shakkar inda ya faɗa, a ƙirga wuraren da yake bukata. Ɗaya ko biyu, ana iya gini. Daga huɗu zuwa sama a manta da bango. Uku ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan abin da ya fi shi ne a raba dandamali gida uku tsayayyu, kowanne da kayansa kaɗan, haske ya riƙa ɗaukar jama'a daga wannan zuwa wancan, ko kuma a koma kan rubutun a duba ko wuri na ukun ana iya jin labarinsa daga bakin wanda ya dawo daga can.